Na biya riyal 150 aka raka ni kasuwar Balad, ga yadda ta kaya

Akwai wata sana'a da naga wasu matanmu sun fara yi a nan Jidda, wato rakiyar kasuwa. Ba dillaliya ba ce irin wadda muka sani mai yawo gida-gida da kaya a jaka, ba kuma tela ba ce, ita wannan ba ta sayar da ko tsinke, ke ce za ki biya ta ta zo har gidanki ta duba kayan da kike da su, ta faɗa miki kalar da ke karɓarki da wadda ke kashe miki fuska, sannan ku ɗunguma kasuwa tare ta tsaya a kanki har ki gama sayayya. Da farko da naji abin dariya ya ba ni, don a da wa zai biya kuɗi a raka shi kasuwa, maƙwabciya kawai za ki leƙa ki ce taso mu je. To amma tunda aka rushe unguwannin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara tsakanin ƙarshen 2021 da 2022 mutanenmu suka watse, wasu sun koma Makka, wasu can gefen gari, wasu ma sun tattara sun koma gida Najeriya da Nijar, wadda kika saba fita da ita yanzu sai dai ku gaisa a waya. Ina ganin wannan ne ya buɗe wa sana'ar ƙofa.

Wadda na gwada Bahaushiya ce haifaffiyar nan, irin waɗanda kakanninsu suka zo aikin hajji suka zauna, Hausarta da Larabcinta duk zam-zam. Ba zan kama suna ba saboda akwai abin da zan faɗa wanda ba zai mata daɗi ba, Anti dai muke ce mata. Kuɗinta riyal 150, zuwa gida da fita kasuwa sau ɗaya, kuɗin mota kuma a kanki.

Zuwanta gida shi ne ɓangaren da ya fi burge ni, kuma in da za a raba kuɗin nan gida biyu to a nan kaso mafi tsoka ya halatta. Ko ruwa ba ta gama sha ba tace in fito da komai in zube a kan gado, abayoyi da tarha, wato mayafin kai da ake sawa da abaya, da gyale da atamfofi da leshi, har jakunkunan da na cusa a saman durowa na manta da su. Ta daɗe tana juya su ba ta ce uffan ba, can sai tace "ƙanwata, ke ai ba rashin kaya ne ke damunki ba, kayanki ne ba sa ga maciji da juna." Kuma gaskiya ta faɗa, kowanne in kika ɗaga shi kaɗai yana da kyau, amma ki ce za ki haɗa wannan abayar da waccan tarhar da wancan takalmin sai ki rasa ukun da za su zauna lafiya, shi ya sa kullum in za a fita baƙar nan dai guda ɗaya ake komawa.

Daga nan tace in wanke fuskata tas, ba hoda ba jan baki, ta kai ni bakin taga ta kashe fitilar ɗakin ta miƙo min madubi, ta dinga ɗauko gyale ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗa min a ƙarƙashin haɓa. Ni wankan tarwaɗa ce amma na fi karkata ga duhu. Da ta ɗora min bej ɗin nan mai haske da duk 'yan matan Jidda ke yayi, wallahi sai naga fuskata ta yi fururu kamar wadda ta tashi daga jinya, ƙasan idona ya ƙara duhu, leɓena ya koɗe. Ta cire ta ɗora zaiti, wato koren nan mai duhu irin na zaitun, nan take fuskar ta washe, idona ya fito. Haka kuhli, shuɗin nan mai duhu sosai, da jan da Larabawa ke ce wa unnabi, da ruwan zuma, da ruwan goro in ya nuna sosai. Ruwan toka mai haske da ruwan hoda mai sanyi kuwa duk suka bi sahun bej.

Bayanin da ta min mai sauƙi ne. Tace kalar da ta yi kusa da fatarki amma ta fi ta koɗewa ita ce babbar maƙiyarki, saboda ido zai rasa inda fuska ta ƙare da inda mayafi ya fara, ko dai ki sa abin da ya fi ki duhu sosai, ko wanda ya fi ki haske sosai, ko mai kala cikakkiya wadda ba a sirka ta da fari ba. Tace baƙar mace sosai ita ta fi kowa morewa, fari ƙal da ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske da ruwan hoda mai ƙarfi duk nata ne, amma sai kiga su ne suka fi gudun kala suna ɓuya a cikin ruwan ƙasa. Farar mace kuwa ita ce ya kamata ta yi hattara da ruwan ɗorawa da ruwan madara. Ta ɗan yi gunaguni kan masu shafe-shafe, wai su ne suka fi ba ta wahala don fuska kala ɗaya hannu kala ɗaya, abin da ya karɓi wannan ba ya karɓar wancan, na dai yi shiru don ba da ni ake ba.

Abin da ya fi zama min a rai cikin maganarta shi ne lissafin inda kuɗi ya kamata ya tafi. A ƙasar nan in kin fita me mutane ke gani a jikinki? Abaya, tarha, jaka, takalmi, sai hannunki. Shi ke nan. Amma mu sai mu zuba kuɗi a dogayen rigunan da ba mai ganinsu sai ranar walima a cikin mata, mu kuma yafa tarhar riyal biyar da ta koɗe a kan fuskar da kowa ke kallo. Tace in dai kuɗinki kaɗan ne fara da abin da ke kusa da fuska, baƙar abayarki ta bara tana nan lafiya, canza mata tarha kawai ki ga. Yanzu kuma ba kamar da ba ne da sai baƙi, tun 2018 da Yarima Muhammad bin Salman ya faɗa a hirarsa da wani gidan talabijin na Amurka cewa doka ba ta wajabta baƙar abaya ba, suturar mutunci ake buƙata, abayoyi masu kala suka cika gari, dama Jidda ta riga sauran garuruwa farawa. Sai dai yawan zaɓin ne ma ya ƙara rikita mu, da baƙi ne kawai ba a kuskure.

Ranar kasuwa tace lallai mu haɗu ana idar da la'asar, kuma tana da dalili. Mu mun saba sai bayan isha muke shiga Balad, tsohon garin Jidda, saboda zafi, to a lokacin fitilun shago ne kawai, fararen nan masu ƙarfi, kuhli ya koma baƙi, unnabi ya koma ruwan ƙasa, sai kin je gida gari ya waye kiga ba abin da kika zaɓa ba ke nan. Tsakanin la'asar da magariba shaguna sun buɗe kuma da sauran rana, duk abin da muka ɗauka sai ta ja ni bakin ƙofa ta kara min a fuska. To ita da ta kafa wannan sharaɗin ita ce ta zo a makare, kusan awa guda ina tsaye a wajen Bab Makka cikin gumi, ta iso ko a jikinta, wai zahma, wato cunkoson hanya. Saboda haka rabin sayayyar a guje muka yi ta muna tsere da rana.

Ta Suk Alawi muka shiga muka gangara har titin Gabil. Wanda ya san Balad ya san yadda take, tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi na duniya a 2014, ƙamshin bakhur da hel ta ko'ina, ga 'yan umara ana ta turereniya. Tun kafin mu shiga tace "kar ki yi Hausa a gaban mai shago sai na gama tambayar kuɗi, in yaji Hausa zai ɗauka baƙi ne mu." Haka kuwa aka yi, a wani shago muna tsaye wasu hajiyoyi biyu da gani daga gida suka zo, abayar da aka ce mana 180 su aka ce musu 250, zuciyata ta ƙi, na faɗa musu a hankali da za su fita.

Yadda take duba yadi abin kallo ne. Sai ta damƙi gefen abaya a tafin hannu ta matse kamar minti ɗaya ta saki, in ya riƙe tamoji ta ajiye. Ta ɗaga shi sama wajen fitila ta sa hannunta a baya, in ana hango yatsu to shara-shara ne. Ta juya cikinsa ta bi ɗinkin hammata da na gefe da yatsa, ta ɗan ja ta ga ko zare zai buɗe baki. Akwai wata mai duwatsu a hannu da ta tafi da ni sosai, unnabi ce ma, har na riƙe ta na ƙi saki, Anti ta sa farce ta ɗan sosa dutse ɗaya a ɓoye sai ga shi ya ɗago, da gam aka manna ba ɗinki ba ne, ta raɗa min "wanki biyu ƙanwata, na uku sai tabon gam." Mai shagon yana ta "wallah ya hajja hada asli" ita ko kallonsa ba ta yi ba. Kan yadi kuma tace na yau da kullum a garin nan mai zafi da laima a nemi nida mara nauyi ko kirib mai kyau, kattan, wato lilin, ya fi kowanne shan iska amma sai mai haƙurin guga, mai sheƙin nan mai arha kuwa roba ce zalla, ki sa ta a watan Agusta ki ji yadda take manne miki a baya.

Tsawo ma ta gyara min. Lambar abaya, 52, 54, 56, 58, tsawonta ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba, kuma da yawanmu muna ɗaukar mai tsawo don muna son yalwa, sai ta dinga sharar titi bakinta ya cinye. Ni da tsawona bai wuce santimita 160 da 'yan kai ba 54 ta sa na ɗauka, tace in yalwa nake so in canza yanka, in nemi yankan bisht ko kulosh, amma ta hana ni farasha, yankan nan mai faɗi kamar fukafukai, wai mai gajarta in ta sa farasha sai ta ƙara dunƙulewa. A ƙarshe zaiti muka ɗauka mara ado ko kaɗan sai ɗan layin zare a bakin hannu, daga 180 ta sauko da ita 120, ta ce "akhir kalam" ta juya kamar za mu tafi ya kira mu. Ta kuma tsaya sai da ya ba da fatura, wato rasit, ta tambaye shi ko zariba, wato harajin VAT, na ciki, don harajin nan kashi 15 ne tun Yulin 2020 kuma ba daɗi ki gama ciniki a ce miki da sauran lissafi, ta sa ya faɗi kwana nawa ake canji in ba ta yi ba. Tace in mai shago ya ƙi ba da fatura ko ya yi miki wasa akwai lambar ma'aikatar kasuwanci, 1900, kuma ambatonta kaɗai kan sa mutum ya gyara zama.

Tarha uku na saya, kuhli da ruwan zuma da wata zaiti da ta ɗan fi abayar haske, duka ukun suna hawa baƙaƙen abayoyina na gida. Ta sa na sayi maganaɗisun nan ƙanana da ake kama tarha da su maimakon fil da ke huda yadi, da hular ciki kalar fata, don wai baƙar hula tana leƙowa ta ƙarƙashin tarha mai haske ta ɓata komai.

Kan jaka ba ta da sassauci. Guda ɗaya mai kyau matsakaiciya, ba tambari ɓaro-ɓaro, ta tsani na jabun nan masu manyan haruffa, tace duk wanda ya san na gaske ya san ba shi ba ne, wanda bai sani ba kuma bai damu ba, to don wa kika saya? Zif take fara ja sama da ƙasa, sannan ta leƙa shafin ciki, sannan ƙarfen da ke riƙe da igiya, saboda iskar tekun nan ba ta barin ƙarfe mai arha, 'yan watanni ya yi baƙi. Ba dole jaka da takalmi su zama kala ɗaya sak ba a wajenta, su dai yi dangantaka, amma ƙarfe dole ya zama ɗaya, in zif ɗin jakarki ruwan gwal ne to agogo da zobe ma su bi, kar a cakuɗa da azurfa. Kuma abu ɗaya ne kawai zai yi magana a jikinki, in hannun abaya na da aiki to ajiye awarwaro, in abayar lami ce to sa zobe babba ko agogo mai kyau. Ɗan kunne da sarƙa tace na cikin gida ne da biki tunda tarha ta rufe su.

A nan ne fa muka saɓa. Wannan dokar ta abu ɗaya ta yi a fita ta yau da kullum, amma da maganar biki ta zo tace wai in na ɗaura ɗankwali na sa manyan 'yan kunne to in bar sarƙa a gida, nace Anti kin daɗe ba ki je bikinmu ba ke nan. Mace ta ci leshi ta kafa ɗauri ta shiga cikin dangin miji da wuya fayau? Ai sai a fara tambaya ko lafiya, ko an sayar ne. Idonta ya riga ya zama na mutanen nan, kayanmu na gida tana musu kallon sun cika hayaniya, har wata shaddata mai aiki tace in bayar, na ƙi. Amma ko a nan ta ba ni wata dabara da na yarda da ita ɗari bisa ɗari: in za ki nema wa atamfa gyale kar ki bi kalar da ta fi yawa a jiki, nemi 'yar ƙaramar kalar da ta ɓuya a cikin zanen ki fito da ita. Ina da wata Holan mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon shuɗi da na kusa haƙura da ita, na gwada mata tarhar kuhlin nan, sai ka ce yau aka ɗinka ta.

Mun leƙa masu gwal a Suk Nada duk da ba saya zan yi ba, don dai in ji. Ta nuna min hatimin da ake bugawa a jiki, 875 shi ne 21, 750 shi ne 18, kuma tace kullum a tambayi kuɗin giram daban kuɗin masna'iyya, wato ladan ƙira, daban, domin ranar da za ki sayar masna'iyyar nan ta tafi ke nan, dutsen da ke jiki ma cire nauyinsa za a yi. Mai son ado da ajiya a lokaci guda ta nemi 21 mara duwatsu mara tarkacen aiki, kuma kalarsa ta fi hawa fatarmu.

Yanzu abin da ya ɓata min rai. Duk shagon da muka shiga tana ciniki kamar za ta yi faɗa, sai wani shagon jaka da takalmi guda ɗaya da ta dinga ja na tun daga farko, muna shiga mai shagon ya tashi da fara'a har da kawo shayi, a nan kuma bakinta ya mutu, ya ce 140 tace wai ya yi kirki in biya. Jakar ba laifi, ta cika duk sharuɗɗanta, amma da muka fito na hango irinta sak a rataye a wani shagon gaba kaɗan, na tambaya aka ce 110 tun kafin ciniki. Nace Anti ko dai kina da la'ada a can ne? Ta yi dariya tace "ƙanwata kowa da hanyar cin abincinsa." Ni ba la'adar ce ta dame ni ba, ai na riga na biya ta don ta tsaya a ɓangarena, ko da faɗa min ta yi tun farko da na san yadda zan yi. Sannan bakinta ba linzami, a gaban 'yata budurwa ta ce min kafaɗata ta faɗi kuma cikina ya fito don haka in daina sa mai igiya a ƙugu, ko gaskiya ne akwai yadda ake faɗa. Ba ta kuma rubuta miki komai, sai da na bi ta da roƙo a WhatsApp kafin ta turo min saƙon murya na jerin kalolina.

Mol ba ta cika so ba, tace in dai dole ne a jira lokacin rangwame, wajen 23 ga Satumba ranar ƙasa, ko 22 ga Fabrairu, ko na watan Nuwamba, kuma a tafi da sanin abin da aka je nema. Biyan nan na kashi huɗu da ake yi da Tabby ko Tamara tace ba ta hana ba amma kar a yi shi kan kayan yayi, don yayin zai wuce kina kan biya.

Gaba ɗaya da kuɗinta da mota da abaya da tarha da jaka na kashe wajen riyal 500, kuma rabon da in dawo daga Balad da leda biyu kacal har na manta. In tsarabar gida za ki haɗa, dozin-dozin na rabawa, ba ki buƙatarta, kasuwar Bab Sharif kawai za ki nufa da wadda ta iya ciniki. In kuma lefe ne ko kin gaji da cikakkiyar durowa da ba abin sawa, to ta cancanci kuɗinta, ko zuwan gidan kaɗai ki nema in za ta yarda ta rage. Ki dai tambaye ta tun a waya wane shago take da alaƙa da shi, ki ce ta zo kafin la'asar ba bayanta ba, kuma in kayan sallah ne ki kama ta tun a Sha'aban, don goman ƙarshe na azumi ba wurin tsayawa a bakin ƙofa ana kara tarha a fuska, masu shago ma ba sa sauraron ragi.